Wuyan Gita da Taurin Kanmu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin makaɗan zamani na ƙasar nan, daga Yamai har Damagaram, wadda manya ke faɗa wa ƙanana da sunan nasiha: wai gita mai tauri ita ke yin makaɗi, kuma wanda yatsunsa ba su fashe ba bai fara koyo ba tukuna. Ana faɗinta da alfahari, kamar yadda tsohon soja ke nuna tabon harsashi. Ni kuwa na ce wannan magana ƙarya ce, ƙarya mai tsada, domin ta sa yara masu kunne da basira sun jingine kiɗa tun ba su kai ko'ina ba, ta sa iyaye sun zubar da kuɗinsu, ta kuma sa muna jin ƙungiyoyi a wuraren biki suna kiɗa a karkace, a ɗora wa mawaƙi laifi alhali laifin yana cikin itace da ƙarfe. Mafi yawan gitocin lantarki da ake kira masu tauri lafiyarsu ƙalau. Ba a daidaita su ba ne kawai. Daidaitawar kuwa aikin sa'a ɗaya ne ga wanda ya sani, da kayan aikin da ba su cika tafin hannu ba.

Wannan batu ba ƙarami ba ne ga ƙasar da gita ta fitar da sunanta duniya fiye da jakadu da yawa. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, da gita ya raka tawayen shekarun 1990, da ita kuma ya raka sulhun da ya biyo baya. Bombino na Agadas ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar lambar Grammy da faifansa Deran na 2018. Mdou Moctar ya cika manyan dakunan wasa a Turai da Amurka. Tal National sun yi shekaru suna raya daren Yamai kafin faifansu Kaani ya zagaya ƙasashen waje a 2013. Duk wannan abin alfahari ne. Amma ka zagaya garuruwanmu ka tambayi inda ake kai gita idan wuyanta ya lanƙwashe, ka ga yadda za a riƙa kallonka. Mai gyaran radiyo na nan, mai gyaran babur na nan a kowace kwana, mai gyaran wayar salula ya fi a ƙirga. Mai gyaran gita kuwa sai an sha tambaya.

Daga ina take, me ya same ta a hanya

Ƙalilan ne cikin makaɗanmu suka fara da sabuwar gita. Yawanci ta hannu ce: ko dai ta zo cikin kayan gwanjo na Turai tare da tsofaffin firiji da talabijin, ko wani ɗan'uwa ya riƙo ta daga Libiya ko Aljeriya, ko an sayo ta a Kano, ko kuma wani baƙo ya bari da zai koma gida. Shekaru masu yawa irin waɗannan kaya ta Kwatano suke shigowa, bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kuma hanya ta karkata zuwa Lome. Kowace hanya ta biyo, labarin ɗaya ne. Gitar da ta yi shekaru ashirin a ɗaki mai sanyi a Faransa ko Beljiyam za ta kwana makonni cikin kwantena bisa teku, ta sha laimar bakin ruwa, sa'an nan a ɗora ta bisa babbar mota ta ratsa fiye da kilomita 1000 cikin rana, a sauke ta a Katako ko babbar kasuwar Maraɗi tsakiyar hunturu.

Itace kuwa ko an sare shi an shafe shi da fenti bai daina shan iska ba. Masu ƙera gita sun fi son ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Yamai, cikin Fabrairu da Maris, laima takan sauka ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura kashi 70. Idan iska ta bushe, allon da yatsu ke takawa sai ya tsuke, wuya ya ranƙwafo gaba, tsirkiyoyi su yi sama su nisanci allo. Ƙarafan nan da aka gitta bisa wuya, waɗanda za mu kira matakai, su ba sa tsukewa, sabili da haka bakinsu yakan fito gefe yana kartar hannu. Idan damina ta sauka, allo ya kumbura, wuya ya koma baya, tsirkiya ta kwanta bisa matakai tana zizar ƙudan zuma. Wato ke nan gita a ƙasar Hausa tana bukatar a duba ta sau biyu a shekara, da shigar hunturu da kuma faɗuwar damina. Wanda ya saya ya rataye yana jiran ta zauna yadda take har abada, bai san ƙasar da yake zaune ba.

Waɗanda suka ƙera ta sun san da haka tun fil azal. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna jan wuyan gita da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 45, kusan buhun siminti ke nan, dare da rana. Don haka ne aka binne sandar ƙarfe cikin wuyan daga sama har ƙasa, mai noti a baki ɗaya, wadda idan aka ɗaure ta sai ta ja wuya baya, idan aka sassauta sai ta bar tsirkiyoyi su ja shi gaba. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson mai suna Thaddeus McHugh ne ya nemi rajistar wannan dabara a 1921, aka ba shi a 1923. Shi kuwa Leo Fender, wanda ya fitar da Stratocaster a 1954, asalinsa mai gyaran radiyo ne, bai ma iya kaɗa gita ba. Gitocinsa na farko na 1950 ba su da wannan sanda, wuyansu ya riƙa lanƙwashewa, dole ya sa ta. Ya kuma ƙera wuyan yadda kusoshi 4 kaɗai ke riƙe shi da gangar jiki, domin a iya kwancewa a sake wani. Kowace tsirkiya ta Stratocaster tana da nata ɗan jaki da ake ɗagawa ko a sauke, a tura gaba ko a ja baya. Mutumin da ya fito daga shagon gyara ya ƙera abin kiɗa don a riƙa gyara shi. Mu kuma muka karɓa muka mai da shi abin tsafi da ba a taɓawa.

Mutum uku da nake tuhuma

Na farko shi ne ɗan kasuwa, tare da abokin laifinsa, wato mai saye da ido. A wurinsu gita suna ce da launi. Idan an rubuta Fender ko Gibson a kanta sai farashi ya ninka, ba a tambayi wuya ba, ba a tambayi matakai ba. Alhali kuwa rubutun nan ɗan tambari ne da ake mannawa, kuma jabun gitoci masu ɗauke da manyan sunaye sun cika kasuwannin duniya. Daɗin daɗawa, suna ba ya nuna masana'anta. Kamfanin Cort na Koriya ta Kudu, a masana'antarsa ta Indonesiya, yana ƙera wa wasu sanannun kamfanoni gitoci su sa sunansu. Squier ta Fender ce, Epiphone kuma ta Gibson ce tun 1957. Yamaha Pacifica mai sauƙin kuɗi wadda aka daidaita da kyau ta fi daɗin hannu nesa ba kusa ba bisa gita mai tsada da aka bari wuyanta ya zama baka. Wanda ya biya jikkuna masu yawa don rubutu ya yi cinikin biri a sama. Akwai kuma ɗaya gefen hasarar, wanda ya fi ba ni takaici: gita mai kyau da aka yasar a kusurwar shago ana cewa ta mutu, don kawai tsirkiyarta ta yi sama, alhali juyin maɓalli kaɗan ya raba ta da lafiya.

Na biyu shi ne babban makaɗi, mai koyarwa, wanda ya sha wuya a zamaninsa yake son kowa ya sha. Ina girmama wahalarsa, amma ba na karɓar fatawarsa. Gaskiya ne yatsun mai koyo sai sun yi kanta, wannan ba makawa, ko da gita tana da laushi kamar auduga. Sai dai kanta daban, azaba daban. Idan tsirkiya ta tashi milimita 4 ko 5 daga allo, yaro zai riƙa matse wuya da dukan ƙarfin hannunsa, wuyan hannu ya sandare, yatsu su rasa sauri, kuma ya ɗauki mugun riƙo wanda zai bi shi har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka nan ake karkata shi. Mafi muni, kunnensa ma zai lalace. Ga dalili: matakan gita an jera su ne bisa lissafi, mataki na 12 yana daidai tsakiyar tsawon tsirkiya, wanda a gitocin Fender milimita 648 ne, a na Gibson kuma kimanin 628. Lissafin ya ɗauka cewa tsirkiya ɗan taƙi kaɗan za ta sauko ta taɓa ƙarfe. Idan ta yi nisa, dannawar kanta tana ƙara mata ɗauri, sai murya ta haura sama da inda ya kamata. Makaɗi zai daidaita tsirkiyoyinsa shida a sake, su fito sumul, da ya danna kuwa sai komi ya karkace. Yaron da ya yi shekara biyu yana jin karkataccen sauti daga hannunsa zai saba da shi, ya ɗauka haka kiɗa yake. Malamin da ke cewa a yi haƙuri da wannan, da hannu ɗaya yake koyarwa, da ɗaya yake rushewa.

Sa'an nan a tuna su wa wannan fatawa take kora. Tana korar ƙananan yara, tana korar ƴan mata, tana korar duk mai ƙaramin hannu. Fatou Seidi Ghali ta Illighadad, can wajen Abalak cikin jihar Tawa, bisa gitar ɗan'uwanta ta koya, ta kai ƙungiyarta har Turai da Amurka. Ita ta jure. Babu wanda ya ƙirga waɗanda suka ɗauka sau biyu, suka ji zafi, aka yi musu dariya aka ce kiɗan nan na maza ne, suka ajiye ba su ƙara waiwaya ba.

Na uku shi ne baƙon marubuci, da ɗan gida mai maimaita maganarsa. Tun da kiɗan hamada ya sami kasuwa a waje, aka ƙirƙiro wata tatsuniya mai daɗin ji: wai sirrin wannan sauti yana cikin talauci, cikin tsatsar tsirkiya, cikin ampilin da ya fashe yana aiki da batirin mota. Kowa ya san labarin Mdou Moctar, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Labari ne na gaskiya, kuma shaida ce ta ƙwazo. Amma a ƙarasa labarin mana. Da ya sami hali bai zauna bisa wayar birki ba. Farar Stratocaster ta bahago ya riƙe, kuma da ita ya yi Ilana a 2019 da Afrique Victime a 2021. Saurin yatsun da ake jinjina masa ba ya yiwuwa bisa wuyan da ya zama baka. Haka nan Tinariwen, da suka ci Grammy a 2012, ba da kayan bola suke hawa dandamali ba. Sautin yana cikin hannu da kunne da waƙoƙin tande da suka tashi suna ji. Wanda ke zaune a ɗaki mai sanyi yana yabon fasasshen kayanmu, talaucinmu yake sha'awa, kuma abin kunya ne mu taya shi. Ko a can inda suke, ana girmama mai haɗa tsoho ya tashi: shahararriyar gitar Eric Clapton mai suna Blackie daga gitoci 3 na hannu aka harhaɗa ta, waɗanda ya saya a Nashbil a 1970, kuma a 2004 aka sayar da ita dalar Amurka 959.500. Tsufanta bai hana ta komi ba, sabili da ta sami hannun da ya san aiki.

Abin da mai saye zai duba

Don kada a ce na yi faɗa ban kawo magani ba, ga abin da ya kamata duk mai niyyar saye ya sani kafin ya buɗe aljihu. Lahanin gita iri biyu ne, mai arhar gyara da mai tsada, kuma ɗan kasuwa ba zai bambanta maka su ba.

Ka fara da wuya. Ka ɗora gindin gita a ƙasa, ka sa ido ɗaya daga kanta ka hango tsawon wuya kamar mai duba gorar da zai saya, gefen dama sa'an nan gefen hagu. Idan ya ɗan ranƙwafo gaba ɗaya, gefe biyu daidai, wannan ba komi ba ne, aikin sanda ne. Idan kuwa ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi kamar igiyar da aka tuƙa, ka ajiye ka yi gaba, domin sanda ba ta warkar da murɗiya. Bayan haka ka nemi izinin mai kaya ka gwada sandar kanta: ka sa maɓalli ka sassauta kaɗan, ka mayar. Idan tana juyawa, gita tana da rai. Idan ta cije, ko bakin notin ya cinye, ko tana juyawa fayau ba ta kama komi, to sai dai a sake wuya, kuma farashi ya kamata ya faɗi ƙasa warwas. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji ya ba ka amsa.

Ka duba bayan kan gita, inda wuya ya haɗu da kunnuwan ɗauri, ko akwai tsaga ko alamar an like, musamman a gitoci irin na Gibson masu kai a karkace, domin nan suke karyewa. Ka duba matakai na farko zuwa na biyar, ko tsirkiya ta ci su ta yi kwari. Ka danna kowace tsirkiya a kowane mataki, ɗaya bayan ɗaya, ka saurara ko akwai inda sauti ke mutuwa. Wannan zai ci minti 10, kuma ya fi duk wani rantse-rantsen mai kaya. Amma tsatsar tsirkiya, da ƙurjewar fenti, da maɓallin ƙara murya mai ƙarar yashi, da ramin waya mai girgiza, duk waɗannan ƙura ce da tsufa. Kowane mai gyaran radiyo zai iya da su. Su ne kuma ya kamata ka yi ciniki da su, ka rage kuɗi, kana sane da cewa ba su da wani nauyi.

Yadda ake daidaitawa

Aikin yana da jeri, kuma wanda ya tsallake jeri zai yi ta kewaye. Da farko a sa sababbin tsirkiyoyi, a ɗaure su zuwa muryar da aka saba kiɗa da ita, domin duk awon da za a yi ya dogara ga wannan ja.

Na biyu, lanƙwasar wuya. A danne tsirkiya mafi kauri a mataki na farko da na ƙarshe lokaci guda, sai ta zama madaidaicin layi. A duba tazarar da ke tsakaninta da kan mataki na 8. Abin da ake nema kimanin milimita 0,25 ne, wato kaurin tsirkiya mafi siriri, ko fallen takarda biyu zuwa uku. Makanikai suna da ƴan falle-fallen ƙarfe na awon tazarar buji, su ne daidai wannan aiki. Idan tazara ta yi yawa, a ɗaure sanda, wato a juya ta yadda hannun agogo ke tafiya. Idan babu tazara sam, a sassauta. Ba a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya. A sake ɗaure tsirkiyoyi, a ba itace lokaci ya zauna, a sake awo. Idan maɓalli ya ƙi tafiya, a tsaya, kada garin gyaran gira a rasa ido. A kuma tabbata maɓallin ya shiga daram: gitocin Asiya yawanci na milimita 4 ko 5 suke ɗauka, na Amurka kuwa da inci ake awonsu, kuma maɓallin da ya kusa daidai shi ne ke cinye bakin noti.

Na uku, tsayin tsirkiya, wanda a wurin jaki ake gyara shi. Nan mutane da yawa ke ɓata, suna murɗa sanda don su sauke tsirkiya, alhali kowanne da aikinsa. Kamfanin Fender yana ba da kimanin milimita 1,6 a mataki na 17 ga yawancin gitocinsa na zamani. Mai kaɗawa da ƙarfi zai so ya ɗan ƙara, mai laushin hannu ya ɗan rage. A sauke har zizar ta fara, sa'an nan a ɗaga kaɗan. Kunne ma yana ba da labari: ziza a matakan farko tana nuna wuya ya miƙe fiye da kima, ziza a can ƙasa bayan mataki na 12 kuma tana nuna jaki ya yi ƙasa.

Na huɗu, ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke ratsawa a saman wuya. A danna tsirkiya a mataki na 3, a duba bisa na farko: ya kamata a ga ɗan haske kamar silin gashi. Idan ya fi haka, ramukan suna son a ɗan zurfafa su, kuma wannan aikin mai haƙuri ne, domin abin da aka goge ba ya dawowa. Bahagon da ya juya tsirkiyoyin gitar dama dole ya sake wannan ƙashi, tun da mai kauri ba ta shiga ramin siririya.

Na biyar, gaskiyar murya. A kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan a danna ta a mataki na 12. Ya kamata murya ta zama ita ce dai, ninki ɗaya sama. Idan ta haura, a ja ɗan jakin baya a ƙara tsawo. Idan ta gaza, a tura shi gaba. A yau kowace wayar salula ta zamani tana iya ɗaukar na'urar awon murya kyauta. Daga ƙarshe a duba mikro, kada ya matso kusa ainun, domin maganaɗisunsa yana jan tsirkiya ya ɓata mata kaɗawa. Kimanin milimita 2 ya isa idan an danna mataki na ƙarshe.

Shi ke nan. Maɓallai biyu ko uku, da sukudireba, da ɗan ma'aunin ƙarfe, da kunne. Wannan shi ne sirrin da ake tsoro.

Gadonmu ne muka yar

Wani zai ce ai gita kayan Nasara ce, mu ba mu gaji gyaranta ba, gara a bar ta yadda ta zo kada a ɓata. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace rauni. Yaushe makaɗin Hausa ya taɓa rabuwa da gyaran abin kiɗansa? Mai goge shi ke zaɓen ƙwarya, shi ke shimfiɗa fatar guza, shi ke tsefe izgar doki ya shafa mata ƙaro, shi ke matsa jaki gaba ko baya har murya ta zauna. Mai gurmi da mai molo suna tura zoben fata bisa sanda su ɗaure ko su sassauta. Mai ganga ya san idan raɓa ta sauka sai ya kai fata bakin wuta ko ya shanya ta a rana. Babu ɗayansu da ya taɓa cewa almajirinsa ya yi haƙuri da sakakkiyar fata don ta koya masa jarunta. A wurinsu sanin kayan aiki rabin sana'a ne, kuma yaro yakan yi shekaru yana gyara wa maigidansa kafin a bar shi ya kaɗa a gaban jama'a. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan irin wannan sani ya tsaya a hannun mutum ɗaya: biram na Buduma na bakin tafkin Cadi saura ƙiris ya ɓace, sai da marigayi Malam Maman Barka ya tafi a 2002 ya zauna gaban tsohon da ya rage ya koya. Da gita ta zo, sai muka ɗauki rabin sana'a muka bar rabi. Ƙasar da maƙeran Katako ke narka gwangwani su fitar da tukunya, inda makaniken bakin hanya ke tayar da injin da Turai ta yanke wa ƙauna, ba ta da bakin cewa juyin noti ɗaya ya fi ƙarfinta.

Sabili da haka ina da buƙatu, kuma babu mai tsada cikinsu. Duk inda ake koyar da kiɗan zamani, tun daga cibiyar El Hadji Taya ta Yamai, wadda aka buɗe a 1989, har gidajen matasa da al'adu na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Agadas, a sa daidaita gita cikin darussan farko, kafin a koya wa yaro waƙa ko ɗaya. Masu ba da taimako da ke aiko da gitoci cikin kwali, su haɗo da maɓallai da ma'auni da tsirkiyoyi, su kuma biya wanda zai zauna mako biyu ya koyar, domin gita goma da babu mai duba su, bayan hunturu biyu sun zama itacen rataya. Makaɗanmu da ke yawon duniya, waɗanda suka ga yadda ake kula da kayansu a can kafin kowane wasa, su dawo da wannan sani gida kamar yadda suke dawowa da tsaraba. A gasar Ɗan Gurmu ta Tawa da sauran bukukuwan kiɗa, a keɓe rumfa ɗaya inda matasa za su kawo gitocinsu a daidaita a gabansu suna kallo, a kuma keɓe kyauta ga mai gyara, ko da ƙarama ce, don a san sana'a ce mai daraja. Matashin da ya iya wannan aiki a gari mai ƙungiyoyi ashirin ba zai kwana da yunwa ba, tun da hunturu da damina da kansu za su riƙa kawo masa ciniki.

Ga manyan makaɗa kuma, iyayen gidanmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda ya ce wahalarku banza ce. Kun koya lokacin da tsirkiya ɗaya sai an aika Kano ko Tamanrasat, kuma abin da kuka gina da wannan hali ya isa a tuɓe muku hula. Amma uban kirki ba ya tura ɗansa rijiya mai nisa don shi ma can ya ɗebo, alhali an gina wata a ƙofar gida. Idan yaro ya kawo muku gita yana kukan tauri, kafin ku duba yatsunsa ku duba wuyanta. Ku danne mataki na farko da na ƙarshe, ku leƙa na takwas. In ba ku san yadda ake yi ba, ku koya tare da shi, girmanku ba zai ragu ba. Allah ya ba mu kunnen jin gaskiya, da hannun aiki da ita.